Ba Haukan Kare Ne Ya Kashe Sale Ba

A kakar nan da muke ciki ƙanena Sale ya cika shekara tara a ƙasa. Duk shekara da na ga an fara cire gyaɗa a gonakin da ke tsakanin Kibiya da Rano sai ya faɗo mini a rai, don a irin wannan lokacin muka rasa shi. Shekarun baya a ɗakina nake yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana kam zan yi magana, saboda mutumin da ya garƙama wa Sale kwaɗo ɗansa ya biya masa Umra, yana bin gidajen dangi yana neman a yafe masa kafin ya tashi, har ya iso ƙofata. Ban yafe ba. Ina so masu karatu su ji dalilina kafin su ce Malama ta cika riƙo.

Mu Fulanin gida ne. Kakanmu ne ya gaji da yawo ya kafa gida a Madachi, muka taso muna noma muna kiwo, Fulatancin ma sai 'yan tsintattsu a bakinmu. Ni aka sa ni boko, na zama malamar firamare, aure ya kai ni Kibiya. Sale shi ne autanmu, shi ya riƙe shanun da mahaifinmu ya bari. Mutum ne mai tsokana, ga dariya ba wuya. Rediyo ba ta rabuwa da kafaɗarsa, kuma duk abin da ya ji a cikinta sai ya zo ya yi mini jarrabawa a kai, in na kasa ya ce a karɓe allin a ba shi. Kowace saniya tana da suna a wurinsa. Yana da mata, Hanne, mai kai nono da man shanu kasuwar Rano, yana kuma da wani baƙin kare da ke bin sa kiwo. Ga iya dukiyarsa ke nan, kuma ban taɓa jin ya yi kukan ba ta ishe shi ba.

Ciwon ya faro ne kamar wasa. Ciwon kai da zazzaɓi, aka sayo masa maganin maleriya a kemis, ya ɗan warware. Daga nan sai barci ya ƙaurace masa. Ya fara manta sunayen shanunsa, ya tsaya a gabansu yana kallo kamar baƙo. Ya ce wa Hanne akwai mutane a bayan rumbu suna zancensa. Sai bakinsa ya kama motsi shi kaɗai kamar mai tauna, miyau na zuba, wata rana kuma ya faɗi a bakin garke yana jijjiga. Duk wannan daga baya Hanne ta ba ni labari, don ni ba wanda ya aiko mini.

Babban gidanmu a lokacin shi ne ƙanin mahaifinmu, wanda muke kira Baffa. Shi ne ya tuna cewa da damina karen nan ya taɓa kama Sale a hannu lokacin da yake cire masa ƙaya a ƙafa. Baffa bai tsaya shawara da kowa ba. Bayan sallar La'asar, a ƙofar masallaci, ya sanar wa jama'a cewa haukan kare ne ya kama ɗan ɗan'uwansa, kowa ya tsare iyalinsa. Ya sa aka kashe karen, wanda lafiyarsa ƙalau har ranar. Ya sa aka farfasa ƙoren nonon Hanne. Sa'an nan ya yi abin da ya ga an yi a rugage tun yana yaro: aka tura Sale ɗakin ajiyar buhuna, aka sa kwaɗo, aka ce a riƙa miƙa masa abinci ta taga har Allah ya yi ikonsa. Ya kuma gargaɗi matan gida kada a sanar da ni, wai zan zo da surutun 'yan boko.

Ina so in yi wa Baffa adalci, ko da shi bai yi wa ƙanena ba. Haukan kare gaskiya ne, yana kisa, kuma duk wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu ya ruga asibiti a yi masa allura. Baffa ya taɓa ganin wanda wannan cuta ta kashe, tsoronsa ba na ƙarya ba ne. Rashin sani ya fi dare duhu, da a nan abin ya tsaya da tuni na yafe. Amma kowane makiyayi ya san abu biyu game da haukan kare: mai shi ba ya iya haɗiyar ruwa, kuma ba ya daɗewa. Sale kuwa yana shan ruwa. Hanne ta je ta durƙusa gaban Baffa ta ce masa duk ranar da hankalinsa ya ɗan dawo yana shanye abin da ta miƙa masa, har ya nemi ƙari. Makonni suka shuɗe yana nan da rai. Abin da Baffa ya ce mata shi ne, “Na riga na faɗa a bainar jama'a. So kike a ce babba ya yi magana biyu?”

Wannan ita ce maganar da ta hana ni sakat shekara tara. Magana zarar bunu ce, na sani, amma kwaɗo ai yana da mabuɗi, kuma mabuɗin yana aljihunsa. Ya auna girmansa da ran yaron, ya ga girmansa ya fi nauyi.

A kasuwar Kibiya na ji. Wata mai man shanu ta tare ni tana yi mini jaje, tana cewa Allah ya sa kaffara ne. Ban koma gida ba, acaɓa na hau har Madachi. Na tarar da Baffa a zaure, na ce ya ba ni mabuɗi, ya ce in shiga cikin mata in zauna. Na shiga cikin matan kuwa, na ɗauko taɓarya, na yi ta dukan kwaɗon nan har marfin ya tsage. Ba wanda ya taya ni sai Hanne, ba kuma wanda ya iya riƙe ni. Abin da na gani a ɗakin ba zan rubuta shi duka ba. Matashin da ke kayar da bijimi shi kaɗai ya koma ƙashi da fata, gefensa duk gyambo, yana tari mai ƙarar ruwa. Na kira sunansa ya dube ni bai san ni ba. Maigidana, Malam Habu, ya zo da mota, muka kai shi asibiti a Rano, su kuma suka ce mu wuce Kano.

A can ne wata likita, bayan sun ɗebi ruwan ƙashin bayansa sun kuma ɗauki hoton kansa, ta zaunar da ni. Na ce mata ni malamar firamare ce, ta yi mini bayani yadda zan iya maimaita wa 'yan aji huɗu. Ta ce wannan ba haukan kare ba ne, ba kuma iska ba ce. Ƙwaƙwalwarsa ce ta kumbura, kuma abin da ya kumbura ta garkuwar jikinsa ce da kanta.

Ga yadda na fahimta, kuma na yi shekaru ina ƙara tambaya a kai. A jinin kowannenmu akwai ƙwayoyin da aikinsu tsaro ne, su ke yaƙar cuta in ta shigo. Waɗannan ƙwayoyi ba su da baki, da wasu 'yan sinadarai suke aika wa juna saƙo, likitoci na kiransu saitokayin. Wani saƙon yana cewa ku taho nan akwai abokin gaba, wani yana cewa ku ƙara wuta, shi ne zazzaɓin da muke ji, wani kuma yana cewa ya isa haka ku koma. Kamar dai a yi kuwwar ɓarawo a unguwa: wanda ya ji shi ma ya ɗaga murya, kafin ka ce me gari ya fito da sanduna. In ɓarawon gaske ne, madalla. Amma wani lokaci, bayan wata 'yar rashin lafiya, ko saboda wani ƙari a jiki, ko ma ba a san dalili ba, sai garkuwa ta yi kuskure ta ɗauki wani ɓangare na ƙwaƙwalwa a matsayin baƙo, ta ƙera makamin da zai liƙe masa.

Allah ya yi wa ƙwaƙwalwa shinge na musamman tsakaninta da jini, ba komai ke ratsa shi ba. To waɗannan saƙonni, in suka yi yawa, su ne ke sassauta shingen. Mayaƙan jini su kutsa ciki, masu tsaron da ke zaune a cikin ƙwaƙwalwar su ma su farka su fara aika nasu saƙon, wanda ke ƙara kiran wasu. Saƙo na haifar da kumburi, kumburi na haifar da saƙo, mai cewa ya isa haka kuwa muryarsa ta nutse. Inda tunani yake in wutar ta kai sai mutum ya manta sunan saniyarsa. Inda ke juya gaɓɓai in ta kai sai baki ya kama motsi, sai jijjiga. Likitar ta ce ba a ɗaukar wannan ciwon daga mutum, ko da ka sha ruwa a ƙwarya ɗaya da shi. Ta ce akwai magungunan da ke kwantar da garkuwar, kuma da yawa cikin waɗanda aka kawo da wuri suna tashi su koma harkarsu.

Sun fara yi masa maganin, kuma ya karɓe shi. Wata safiya ina shafa masa mai a ƙafa sai ya buɗe ido ya ce, “Yaya, an tatsi shanu?” Na yi kuka na yi dariya a lokaci guda. Amma huhunsa ya riga ya lalace, saboda a ɗakin nan abinci da miyau sun yi ta sarƙe shi suna gangarawa ƙirji ba mai tayar da shi zaune. Jikin ba shi da sauran ƙarfin da zai yi yaƙi biyu. Ciwon ƙwaƙwalwar yana ja da baya, ciwon huhun ya tafi da shi. Don haka in an tambaye ni abin da ya kashe Sale, ba na cewa garkuwar jiki. Cutar ta kayar da shi ne kawai, ɗakin buhuna ne ya ƙarasa shi.

Da muka kawo gawar Madachi na zaci a nan za a ji kunya. Ina! Malam Habu ya tsaya ya faɗa wa mutane abin da likita ta ce, Baffa ya kaɗa kai ya ce ai aikin likitoci ke nan, su sa wa tsohuwar cuta sabon suna. Mutane suka ja baya. Maigidana da liman ne suka wanke shi su biyu. Sale da ba ya rasa jana'izar kowa tun daga ƙauyen Saji har na Zinyau, sahun da ya yi masa salla bai cika ɗaya ba, wasu ma daga nesa suka tsaya kamar masu kallon gobara. Ina cikin gida aka zo aka faɗa mini, kuma a ranar ne zuciyata ta daskare a kan Baffa.

Hanne kuwa ta gama takaba ta sayi sababbin ƙore, ta kai nono kasuwa ta dawo da shi ya yi tsami. Matan da suka yi shekaru suna sayen man shanunta suka riƙa kewaye ta. Ta koma gidan iyayenta, sai da ta daɗe kafin wani ya yi ƙarfin halin aurenta, shi ma daga nesa ya zo. Har gobe in za a yi wa baƙo kwatance a Madachi, cewa ake ya bi ta gidan mai cizon kare. Sunan da ya rage wa ƙanena ke nan a garin da aka haife shi.

Nakan tambayi kaina me Sale zai ce da ya leƙo yau. Na san zai fara da waya, don yanzu makiyayin da ke bayan dutse ma yana da ita a aljihu, da tuni ya jingine rediyonsa ya addabe ni da kira. Zai yi mamakin jin cewa likitoci sun ƙara gane waɗannan saƙonni ɗaya bayan ɗaya, har akwai magungunan da ke toshe wani saƙo guda su bar sauran su yi aikinsu, ko da yake talaka bai cika kai wa gare su ba. Na tabbata da dariya zai ce, ashe jikin mutum ma yana da 'yan gulma. Amma da ya zauna a ƙofar masallacin nan na yini guda, zai ga ba abin da ya canja. Har yanzu in babba ya yanke wa ciwo suna an gama, mai musu shi ne marar tarbiyya. Wayar ma ba ta rage komai ba, ta dai sa maganar babba tana isa Kibiya kafin ya gama gyara zama.

Kuma na san Sale zai ce in yafe. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi da shi. Mutum ne da in ka taka shi shi zai ce maka sannu. Amma shi bai ga sahun jana'izarsa ba, bai ga Hanne na zubar da nono a bayan gida ba. Haƙƙinsa yana tsakaninsa da Baffa a gaban Allah, ba ni da iko a kai. Nawa haƙƙin, na 'yar'uwar da aka ɓoye wa ciwon ƙaninta har sai da ta ji a bakin kasuwa, wannan nawa ne, ni ke da ikon riƙewa ko saki.

An yi ta aiko mini mutane. Liman ya ce Allah yana son masu afuwa, na ce gaskiya ne Malam, yana kuma son mai tuba ya gyara abin da ya ɓata. Goggonnina sun ce babba juji ne, a rufa masa asiri. Na ce to ai juji shi ake zuba wa shara ya haƙura, ban taɓa jin juji ya kwashe shara ya zuba wa yara ba. Malam Habu, wanda da hannunsa ya wanke gawar, shi ma ya ce in sassauta don kaina, wai riƙo yana cin mai shi. Wataƙila yana ci. Na ce masa shekara tara yana ci bai cinye ni ba.

Idan na auna abin da ya saura na Sale, ba shi da yawa. Shanun an raba, jikokinsu na garken wasu. Bai bar ɗa ba. Abin da ya bari mai rai yana bakin Hanne. A ƙauyen da take aure yanzu, wata budurwa ta fara irin wannan, rashin barci da surutai da motsin baki, aka fara shirin kai ta gidan mai ruƙiyya. Hanne ta tsaya a kansu ta ce ita ta taɓa ganin wannan da idonta, ba ta bar ƙofar gidan ba sai da aka sa yarinyar a mota. Ban san sunan da likitoci suka ba ciwonta ba, na dai san ta dawo da ƙafarta tana daka a tsakar gida. Duk sanda na tuna wannan sai in ji sanyi, sai kuma in ji wutar ta ƙaru, don yana nuna mini abin da mota ɗaya za ta yi wa ƙanena.

Ranar da Baffa ya zo Kibiya na shimfiɗa masa tabarma, na kawo masa ruwa, na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya mini. Ya tsufa. Ya ce, “'Yata, tafiya ce zan yi, ban san ko zan dawo ba. Abin da ya wuce ya wuce, ki yafe mini tsakanina da ke.”

Na ce, “Baffa, ai ba tsakanina da kai ka faɗa ba. A ƙofar masallaci ka faɗa. Ka koma wurin bayan La'asar, ka tsaya inda ka tsaya, ka ce Sale ba haukan kare ya yi ba, ka ce an gaya maka yana shan ruwa ka ƙi buɗewa. In ka yi haka, kafin ka iso gida na yafe.”

Sai ya ce, “In na faɗi haka, wa zai ƙara jin maganata a Madachi?”

Na ce, “Ba kowa, Baffa. Abin da nake so ke nan.”

Ya tashi bai sha ruwan ba. An ce jirginsu ya kusa, kuma har yau bai tsaya a ƙofar masallacin ba. Ina yi masa fatan ya je lafiya ya dawo lafiya, don ba mutuwarsa nake nema ba, so nake ya rayu a garin da ya san abin da ya yi. Tun da ya kasa faɗa da bakinsa, ga shi na faɗa da nawa, kuma a Madachi ba a rasa wanda zai karanta wa jama'a. Allah ya jiƙan Sale ɗan Madachi, ya haskaka kabarinsa. Kai kuma Baffa, ka ɗaga hannu a gaban Ka'aba ka roƙi duk abin da kake so, amma ka sani akwai mace ɗaya a Kibiya da ba ta yafe ba.